Daɓe Biyar Ƙarƙashin Kwando

A littafin tarihin gasar ƙwallon kwando ta kwalejojin Nijar, layi ɗaya ne rabon Filinge. An sa shekara, 1957, an sa gari, Yamai, sannan aka rubuta hamsin da takwas a hannun dama, goma sha ɗaya a hannun hagu. Goma sha ɗayan ita ce ta Filinge. Magatakardan da ya rubuta layin bai yi ƙarya ba, bai kuma san komai ba, abin da ake so ke nan ga magatakarda.

Wanda ya san sauran labarin shi ne Mushe Tanko, mutumin Damana, malamin lissafi a ƙaramin kwalejin da Nasara suka buɗe bayan kasuwar Filinge, aji uku, ɗalibai arba'in da ɗoriya. Mushe kalmar Faransanci ce, haka ake kiran malamin boko a can. A Senegal ya yi karatu, can kuma ya koyo wasan. Ya dawo gida da takardar malanta, da tabarau, da imanin cewa abin da aka auna da kyau ba ya cutar da kowa.

A 1952 ya roƙi kumandan, Baturen da ke mulkin garin, siminti don ya yi wa ɗalibai filin wasa. Kumandan ya amsa cikin ladabi cewa simintin da ke ƙasa na gidan kaso ne da gindin tuta. Sai Tanko ya nufi gidan Habsa.

Habsa ita ce uwar masu daɓe a Filinge. Duk ɗakin da ake taƙama da shi a garin, duk zauren da ake saukar baƙo, sai da madaɓinta ya bi ta kansa. Ta zo ta dubi wurin da ya shata da igiya, ta taka shi tsawo da faɗi, ta tsaya.

"Mushe, ina bango?"

"Babu bango, Inna."

"Ruhi hwa?"

"Shi ma babu."

"To wa za shi kwana ciki?"

"Ba mai kwana. Gudu za a yi."

"Ɗaki ba bango ba ruhi, a yi ta gudu ciki," in ji ta. "Karatu dai ya yi rana."

Amma ta yi aikin. Mata ashirin suka kwaso marmara a ƙorai, suka haɗa da ƙasar shuri, suka yayyafa ruwan bagaruwa, suka jera gwiwa a ƙasa suna duka suna waƙa kwana huɗu, har filin ya yi ja, ya yi tauri kamar bayan tukunya. Maƙeri ya sara ƙarfen wata mota da ta mutu a hanyar Abala ya fitar da dirka biyu, ya lanƙwasa zobe biyu. Tanko da kansa ya hau tsani da awon mita, daraktan kwalejin na riƙe da tsanin, ya auna daga daɓe zuwa bakin zobe: mita uku da santimita biyar, yadda doka ta ce. Aka rubuta haka a takarda, aka buga hatimi, aka aika da kwafi Yamai. Mutanen gari suka sa wa wurin suna Ɗakin Mushe.

Kowace damina ruwa yakan zaizaye fuskar daɓen, ya bar ramuka. Kowace kaka, kafin ɗalibai su koma lakwal, Habsa takan zo da matanta su gyara. Tanko yakan tsaya gefe da littafi a hammata yana jin daɗin waƙar, ko da yake rabinta zaginsa ne, a kan tabaraunsa da rashin matarsa. Yana alfahari da cewa a duk Filinge filinsa ne kaɗai ruwa ba ya kwantawa a kai. Tsofaffi ma har sun fara zama a bakinsa da la'asar, sun ce gefen ya yi daidai da zama.

Su kuwa yaran sai gaba suke yi. A shekarar farko in an jefa goma, biyu ke shiga. A shekara ta uku rabi na shiga. A ta huɗu akwai mutum uku da in sun yi tsalle sukan taɓa zoben. Likitan da ke zagayen makarantu ya kalli wasa ɗaya, ya koma ya rubuta rahoto shafi shida a kan amfanin madarar gari da gwamnati ke rabawa, da yadda ta ƙara wa ƴaƴan Kurfai, ƙasar su Filinge, tsawo. Sau biyu ma'aikata suka zo daga Yamai don wasan sada zumunci, sau biyu jifansu ya riƙa wuce zobe yana dukan allo, suka sha kashi, suka ɗora wa gajiyar hanya. Filinge ba ta taɓa faɗuwa a gida ba. Ba ta kuma taɓa wasa a wani wuri ba, don kwalejin ba shi da mota.

Gwanin gwanayen shi ne Kailu, ɗan wani ƙauye kusa da Sanam, dogo, mai shiru. Ba ya tsalle don ya taɓa zobe, shi daga sama yake ajiye ƙwallo a ciki kamar mai sa hula a rataya. Daga tsakiyar fili ma in ya saki, ba ya tsayawa kallo, juyawa yake ya koma. A aji kuwa ya faɗi jarrabawar birebe, ta fita kwaleji, sau biyu, takardarsa ta ce ya cika ashirin. Kowa ya san ma'anar haka. A watan Fabrairu masu ɗibar soja za su zo, da ma'auninsu da likitansu, kuma a shekarun nan wanda suka ɗiba Aljeriya ake kai shi.

Sai ga wasiƙa daga Yamai. Za a yi gasar kwalejoji ta ƙasa baki ɗaya a hutun Disamba, za a aiko da kamiyo, babbar mota, ya kwashi ƴan wasa. Wani Bafaranshe zai zo daga Dakar ya zaɓi mutum huɗu zuwa makarantar horar da malaman wasanni. Wanda aka zaɓa, soja ba ta da hanya a kansa. Tanko ya karanta layin nan na ƙarshe sau uku.

Ranar kasuwa Baushe, mahaifin Kailu, ya zo a ƙasa daga ƙauye. Tsoho ne dogo kamar ɗansa, bai taɓa sa goshi ƙasa ba, abin da kakanninsa suka bi shi yake bi. Ya ƙi shiga aji, ya tsuguna a bakin filin, Tanko ya tsuguna kusa da shi.

"Mushe, na zaka in tahi da yaron."

"Ina za shi, Baba?"

"Kumasi. Ƙanena na can, shina ɗaukar kaya a kasuwa. Ayari na tashi jibi. Kahin masu awo su zo ya ƙetare."

"Ya bar karatun shekara goma ya je ya yi dako?"

"Mai dako na komowa gida. Na tambayi waɗanda nike tambaya, na ba su baƙar akuya. Sun ce kudu."

Tanko ya gyara tabarau. Ya yi wa tsohon bayani a hankali, yadda ake yi wa wanda bai shiga aji ba. Ya ce a duk ƙasar nan babu mai hannun Kailu. Ya ce shi ya ga ƴan wasan Dakar da idonsa, kuma ba zato yake faɗa ba, lissafi ne: cikin jifa ɗari, tamanin da bakwai na shiga, yana da littafin da ya rubuta su ɗaya bayan ɗaya. Ya kira Kailu ya ce ya nuna wa babansa. Kailu ya jefa goma, goma suka shiga.

Baushe ya daɗe yana kallon zoben.

"Ta wanga rami za shi tsira ke nan?"

"Ta nan, Baba. Na ɗauka a wuyana."

"Wuyanka siriri ne, Mushe," in ji tsohon. Ya miƙe ya kakkaɓe riga. "Amma kai ka san Nasara, ni ban san su ba. Na bar maka."

Bayan kwana biyu ayari ya tashi ba da Kailu ba.

Filin Yamai na siminti ne, da fararen layuka, da benci hawa huɗu ƙarƙashin rumfar kwano. Matan manyan Turawa na zaune a gaba da mafitai. Mutumin Dakar na gefe a kan kujera shi kaɗai, da ɗan littafi a cinya. Ƴan Filinge suka shiga ɗumama jiki, takalmansu na kukan da ba su saba ji ba. Kailu ya ɗauki ƙwallo ya ruga ya yi tsalle yadda ya saba, ƙwallon ta daki ƙasan zobe ta dawo masa a fuska. Aka yi dariya a benci. Ya sake, haka. Ya zo wurin Tanko yana shafa hanci.

"Mushe, kwandonsu ya hi namu tsawo."

"Idonka ne. Rumfar ce ke ruɗinka."

Aka busa usur. Jifan farko na Kailu ya tafi sak, kyakkyawa, ya daki gaban zobe. Na biyu ya daki gaban zobe, wuri ɗaya. Na uku ma. Sauran yaran haka. Da a ce maki ake bayarwa don dukan gaban zobe, da Filinge ta ɗauki kofi tun kafin hutun rabin lokaci. Shekara biyar Tanko ya yi yana sa su maimaita jifa ɗaya har hannu ya daina tambayar kai, ga shi kuwa hannun ya riƙe karatu, ya ƙi sauraron kowa. Yana yi musu tsawa su ƙara ƙarfi, in sun ƙara sai ƙwallo ta wuce allo gaba ɗaya. Aka tafi hutu abokan karawa na da ashirin da tara, Filinge na da huɗu.

A nan ne Tanko ya yi abin da har ya mutu bai daina tunawa ba. Ya taka tsakiyar fili, ya ce wa alƙalin wasa da Faransanci mai kyau, da murya yadda benci zai ji, zoben nan ya wuce ƙa'ida, yana buƙatar a auna. Alƙalin ya dube shi, ya dubi mutumin Dakar, ya ɗaga kafaɗa. Aka kawo tsani, aka kawo awo. Alƙalin ya ce tunda Mushe malamin lissafi ne, ya hau da kansa. Tanko ya hau. Daga sama yana ganin hulunan mutane da mafitan da suka tsaya cak. Ya ɗora bakin awon, wani ya ja shi ƙasa. Mita uku da santimita biyar. Ya ce a auna ɗayan. Aka ɗauki tsanin aka ratsa filin da shi, jama'a na tafi. Mita uku da santimita biyar.

Ya sauko. Kailu ya ɗauki ƙwallo ya koma fili. A zagaye na biyu yaron ya fara gano nisan, ya ci bakwai a mintunan ƙarshe, amma kafin nan mutumin Dakar ya rufe littafinsa yana hira da matar wani.

Kwana biyu kamiyo ya yi da su a hanyar dawowa. Da suka sauka da hantsi Tanko bai shiga gida ba. Ya ɗauko awonsa, ya jingina tsani, ya auna. Mita biyu da santimita saba'in da bakwai. Ya duba dirkar ko ta nutse, ba ta nutse ba. Ya ari fartanya ya sara gindinta. Daɓen ya tsage, ya ga gefensa hawa-hawa kamar an jera faifai: ja, ja mai duhu, wani mai tsakuwa, kowanne kaurin yatsa uku. Ya ƙirga biyar kafin ya kai na farko, inda ya ga alamar farin fentin da shi da kansa ya shafa a jikin ƙarfen a 1952.

Ya sami Habsa tana tankaɗe a tsakar gida.

"Inna, in kun zo gyara, ba ku kwashe tsohon daɓen?"

"A kwashe shi a kai ina?"

"A zubar. A sa sabo a gurbinsa."

Ta ajiye rariya ta dube shi kamar ya ce a rushe rijiya. "Wa ya taɓa tone daɓe mai kyau? Bisa ake ɗorawa, shi ya sa shike ƙarko. Ɗakin uwata sai an hau ake shiga, kanka na gogar azara. Mi ya hwaru?"

"Ƙasa ta taso. Kwandon ya yi kusa."

"To ba abin da kuke so ke nan ba, ku kai gare shi?"

Tanko ya dubi awon da ke hannunsa.

"Shekara biyar kana tsaye kanmu da littahi, Mushe," in ji ta. "Mu muna duƙe. Kai ne mai ido huɗu."

Washegari ya hau keke zuwa ƙauyen Baushe, ya iso rana ta karkata. Ya faɗa wa tsohon komai, har da yatsa ukun, har da biyar ɗin. Ya ce a fitar da yaron yanzu, ko ta Dogondutsi, shi zai raka shi. Baushe yana gyaran igiyar guga, bai ɗaga kai ba.

"An kawo takarda wurin mai gari tun shekaranjiya. Sunanshi na sama. In ya gudu yanzu ƙanenshi za su ɗauka, ni su kulle ni. Da ya tahi da ayari, ba sunan kowa." Ya ja ƙullin da haƙori. "Sun ce har tsawonshi da hwaɗin ƙirjinshi na ciki. Wa ya auna musu?"

Tanko ne ya auna. Kowace shekara kwaleji na aika jerin waɗanda suka cika ashirin ba takarda, kuma darakta kan ba shi aikin don ya fi kowa tsabtar rubutu. Wannan awon kam daidai yake, ko santimita bai ɓata ba.

A Fabrairu masu ɗiba suka kafa teburinsu a Ɗakin Mushe, don shi ne wuri mafi tsabta a gari. Samari suka tsaya layi ba riga. Likita ya ƙwanƙwasa ƙirjin Kailu, ya duba haƙoransa, ya ce da duk Kurfai haka take da an huta. Kafin a hau mota Kailu ya zo ya miƙa wa Tanko takalman wasansa.

"A ba wani, Mushe. Sun ce can za a ba mu."

"Kailu, laihina ne."

"Minti biyar kawai nike so a ƙara mana," in ji shi. "Na hwara gane shi."

Tanko ya rubuta wa Yamai yana neman izni a ɗaga zobba ko a tone filin. Bayan wata uku amsa ta zo: bisa takardar 1952 mai hatimi, wadda shi Mushe Tanko ya sa wa hannu, tsawon zobban Filinge mita uku ne da santimita biyar, don haka babu abin gyara, kuma ba a taɓa kayan gwamnati sai da dalili. Ya ajiye wasiƙar a cikin littafin da ya rubuta jifa tamanin da bakwai.

Ana cikin yankan gero waya ta zo wa kumandan. Layi biyu ne, da sunan Kailu, da sunan wani dutse a Aljeriya da ba wanda ya iya faɗa a Filinge. Kumandan mutum ne mai son biki, ya yanke cewa za a sa wa filin sunan mamacin, a kafa allo, a busa ƙaho. Ya zo duba wuri ya ga ramukan damina da ramin da Tanko ya sara a gindin dirka, ya ce wannan abin kunya ne, a kira matan nan masu duka. Habsa ta zo da ƙoranta. Ta dubi Tanko.

"A ɗora, Mushe?"

Kumandan na tsaye, tafinta na jira.

"A ɗora," in ji Tanko.

Ranar bikin aka zaunar da Baushe a kujera ta gaba, aka maƙala masa lamba a riga. Kumandan ya yi jawabi a kan jiki mai ƙarfi da zuciya mai biyayya. Da ya gama aka miƙa masa ƙwallo don ya buɗe filin. Gajere ne mai tumbi, bai taɓa wasan ba, ya jefa da hannu biyu daga ƙasa, ta shiga. Aka yi tafi, shi ma ya yi mamaki.

Da jama'a suka watse Baushe ya cire lambar ya ajiye a kan kujera. Ya hau daɓen, sai da ya dafa gwiwa don hawan ya yi tsawo. Ya je ƙarƙashin kwandon ya tsaya, ya miƙa sandarsa, ya ƙwanƙwasa zoben sau biyu, ƙarfen ya yi ƙara. Tanko na bayansa, yana jiran ko zagi ne ko tsinuwa, ya shirya wa kowanne.

"Nawa ne yanzu, Mushe?"

"Biyu da saba'in da ɗaya."

"Ka auna?"

"Jiya."

"To madalla," in ji tsohon. "Ka riƙa aunawa."

Ya sauka daga filin a hankali, ƙafa ɗaya sannan ɗaya, ya kama hanyar Sanam tun rana ba ta yi zafi ba.